Kano ko Kazaure, Fuska ko Hali: Yadda Muka Auna da 'Yar Yayana

Bayan Ƙaramar Sallah 'yar yayana ta zo mini kwana uku a Kano. Ranar farko ba ta ce komai ba. A dare na biyu, da muka gama cin tuwo yara suka yi barci, sai ta matso kusa da ni a kan tabarma tana murza bakin mayafinta, ta ce, "Gwaggo, mutum biyu ne, kuma Baba ya ce in tsayar da ɗaya kafin Babbar Sallah."

Na farkon ɗan Kano ne, yana da shagon sayar da waya. Ta nuna mini hotonsa: dogo, mai hasken fata, saje ya kwanta, shadda ta sha bugu, hula ta zauna daram. Yaron kyakkyawa ne, babu musu. Na biyun ɗan garinmu ne, Kazaure, malamin sakandare, yana kuma taɓa noman rani. Ba ta da hotonsa a wayarta. Da na ce ta kwatanta mini shi, sai ta sunkuyar da kai, can ta ce, "Yana da kirki, Gwaggo."

A Kazaure aka haife ni, a can na tashi, aure ne ya kawo ni Kano shekara 14 da suka wuce, don haka na sha ruwan garuruwan biyu. Abin da na fara lura da shi a maganarta, ta ɗaure tambayoyi biyu da igiya ɗaya. A ranta kyau da birni dami guda ne, kirki da ƙaramin gari ɗaya damin. Ƙawayenta suna jan na farko, iyayenta mata suna jan na biyu. Na ce mata mu kwance, mu auna mutum daban, mu auna gari daban. Na san ba ita kaɗai ke tsaye a wannan mararraba ba, samari ma suna tsayawa a nan, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da muka tattauna.

Ni ba na cikin masu raina kyau. Manya sukan ce wa yarinya, "Kyau za ki ci?" kamar son kyakkyawa abin kunya ne. Addini bai ce haka ba. Da sahabi Mugira bin Shu'uba ya nemi aure, Annabi (SAW) ya ce masa ya je ya dubi matar, domin hakan ya fi sa ƙauna ta ɗore a tsakaninsu, kuma malamai sun ce mace ma tana da wannan haƙƙin. Na ga auren da aka ɗaura a kan "ai yana da hali" alhali yarinyar ba ta iya haɗa ido da mijin saboda ƙi. Bai shekara ba suka tsinci kansu gaban alƙali ana lissafin sadakin da za a mayar. Saboda haka tambayata ta farko a kan malamin ita ce: "In ya yi sallama ya zo zance, me kike ji? Ƙirjinki nauyi yake yi, ko kuwa dai bai kai wancan kyau ba ne kawai?" Ta ce ba ta ƙinsa, hirarsa ma ba ta gundurarta, wani lokaci sai ƙaninta ya zo ya ce dare ya yi. Wannan ya isa a ci gaba da magana. Da ce mini ta yi ganinsa ɓata mata rai yake, da a nan zan rufe babinsa komai yabon da ake masa.

Sai dai aikin kyau a cikin gida yana da iyaka, domin ido yana sabawa. Fuskar da ke hana ki barci a watan farko, bayan shekara biyu ta zama fuskar maigida, wadda kike dubawa tun daga zaure don ki san yau da fara'a ya dawo ko da fushi, zai saurare ki ko tsawa zai daka. Daga nan hali ne ke ƙara wa fuskar kyau ko ya rage mata. Hadisin da ya ce idan wanda kuka yarda da addininsa da halinsa ya zo muku ku aura masa, ya ambaci abu biyu ne a jere. Mutum yana iya zama ɗan sahun gaba a masallaci, amma a gida harshensa ya fi reza.

Kuma hali ba shiru-shiru ba ne, ba kuma iya gaisuwa da durƙuso ba. Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, a rubutunsa na 1974 kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, ya lissafa sifofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Daga bakin kakanninmu ya ji su. Ki duba jerin, babu ko ɗaya da ke fitowa a hoto. Amana sai kuɗin wani ya kwana a hannunsa ake ganinta. Haƙuri sai an ɓata masa rai. Adalci sai ranar da ya fi abokin rigimarsa ƙarfi. Na kuma ja mata kunne ta fuska biyu: rashin kyau ba shaidar kirki ba ce, na san munana masu mugun hali, kuma ba kowane kyakkyawa ne ke da kyan ɗan maciji ba. Zalunci ne a yanke wa ɗan Kano hukunci don kawai Allah ya yi masa sura.

A nan ne maganar gari ta shigo, ta ƙofar da ba ta zata ba. Kyau ana gama ganinsa a kallo ɗaya. Hali kuwa sai da shaidu, kuma garuruwan biyu ba ɗaya suke ba wajen samar da shaidu.

A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Kazaure gaba ɗayanta ba ta kai mutum 200,000 ba. A irin wannan gari binciken aure aikin wuni ɗaya ne. Yaya zai zauna da mai unguwa bayan la'asar, ya ga liman bayan magariba, ya tsaya wurin mai shagon da malamin ke karɓar kaya bashi kafin albashi. Mata kuma su ji yadda mahaifiyarsa ke zaune da matan 'ya'yanta. Kafin gari ya waye an san ko yana biyan bashi, ko ya taɓa ɗaga hannu a kan ƙannensa mata, har da yadda ubansa ya riƙe uwarsa. A wannan ƙidayar ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano da kewaye sun haura mutum miliyan biyu da rabi, yau kuma sun ƙaru ƙwarai. Saurayi yana kwana a Rijiyar Zaki, yana wuni a kasuwa, majalisarsa tana Fagge, iyayensa suna Kurna. Kowane wuri rubu'insa ya sani. Motar da ya zo zance da ita tana iya zama ta aro, shagon yana iya zama na ubangidansa. Ba wai mutanen birni sun fi ƙarya ba ne. Inda ba a san asalinka ba, da tufafinka ake karanta ka, don haka kowa ya koyi gyara abin da za a karanta, kuma a nan ne ake yawan yi wa rogo kallon kitse.

Maganin wannan ba gudun ɗan birni ba ne, ninka bincike ne. Kada a tsaya kan abokan da shi ya gabatar. A tambayi maƙwabcin shagonsa yadda yake yi in wani ya dawo da wayar da ta ƙi aiki. A tambayi yaron shagonsa ko yana biyansa a kan lokaci. A nemi wanda ke ba shi kaya, a nemi mai gidan da yake haya, a nemi wanda suka taɓa yin rigimar kuɗi da shi. Tun 2024 doka a Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, na ƙanjamau da ciwon hanta da jinin sikila, kuma ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, ko a ina za a ɗaura auren a yi shi. Hali dai ba a ɗibar jini a auna shi, sai an taka da ƙafa.

Shaidar ƙaramin gari ma tana da nata ramin. A can ana auna mutum da gidansu. Ɗan babban gida ana rufa masa asiri, ko an san aibinsa sai a ce ƙuruciya ce. Sannan malamin nan ba a taɓa jarraba shi da kuɗi masu yawa ba. Akwai mai tawali'un da rashi ne ya ladabtar da shi, ranar da ya samu sai a ga wani mutum daban.

Abu na gaba da na fi daɗewa a kansa shi ne kyanta ita kanta, da yadda kowane gari zai auna ta. 'Yar yayana baƙa ce, kyakkyawa, fatarta sumul. A Kazaure an san ta, an san ita ce ta yi jinyar kakarta wata bakwai, kuma wannan yana gaba da ita duk inda ta shiga. In ta tare a Kano babu wanda ya san wannan. A gidan biki na farko leshinta za a duba, da ɗaurin ɗankwalinta, da hasken fuskarta. Anko yana zuwa kusan kowane wata, mai kwalliya kuɗi, mai ɗauri kuɗi. Kuma matar kyakkyawan namiji tana shan wata magana da ke cin rai: "Wannan ce matarsa?" Na ga inda wannan tambayar ta kai mata. Wata maƙwabciyata a gidan hayar da muka fara zama ta shiga shafe-shafen mai don ta kamo hasken mijinta. Shekara biyu fuska ta yi fari, gaɓoɓin yatsu suka yi baƙi ƙirin, jijiyoyi kore suka fito mata a hannu, rana kaɗan ta taɓa ta sai kumatu su yi ja kamar an mare ta. Da aka yi mata tiyata wajen haihuwa, ɗinkin ya daɗe bai kama ba, domin fatar ta yi sirara. Ni na riƙa taya ta wanke wurin, ina jin kukanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa bayar da rahoto a 2011 cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da man sauya launin fata, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa, saboda sinadarai irin su makyuri da haidirokwinon da ke lalata fata, wasu har ƙoda. Man nan ya isa ƙananan garuruwa ma, waya ta kai shi ko'ina, amma matsin ya fi ƙarfi inda fuska ce kaɗai takardar shaidarki. Na ce mata ta tambayi ɗan Kanon kai tsaye me yake gani game da launinta, ta kuma saurari irin matan da yake yabo in suna hira.

Idon ƙaramin gari shi ma ba sauƙi ne da shi ba, wani wuri daban yake kallo. Ba ruwansa da leshinki, amma ya san sau nawa kika fita a mako, wa ya zo gidanki, me kika dafa. In kika shekara babu ciki, har a gidan suna za ki ji ana rage murya in kin shigo. Malamin a gidan gado zai ajiye ta, sashe guda, ga uwar miji ga facaloli biyu. Wadda ba ta iya haɗiye magana ba za ta sha wuya a nan. A Kano kina rufe ƙofarki kin rufe, babu mai ƙirga miki loma. Wannan 'yanci ne na gaske, kuma na ji daɗinsa.

Amma ƙofar da ke hana tsegumi shiga ita ke hana taimako shiga. Haihuwata ta biyu a Kano na yi ta. Kwana uku bayan suna maigida ya koma aiki, zazzaɓi ya rufe ni, jariri yana kuka, babbar tana jan zanena tana neman koko. Gidan mutum shida ne ke haya a ciki, ba wanda ya leƙo har azahar, ba don mugunta ba, kowa ya fita nema. A Kazaure kafin ki yi tari sau biyu an aiko yarinya da kunun kanwa, wata ta ɗauke miki goyo. Zumunci a ƙafa yake, ƙafar kuma ta yi tsada: tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, zuwa gida da nake yi duk wata ya koma sau uku ko huɗu a shekara, alhali tafiyar kimanin kilomita 80 ce, ta Dawanau da Ɗambatta.

Maganar aljihu ba ta da wuyar ganewa. A Kano komai saye ne. Haya ta shekara a dunƙule, ga la'adar dillali. Ruwa a unguwanni da yawa sai 'yan garuwa sun turo kura. Wuta in kina layin da ake kira Band A, tun Afrilun 2024 kuɗinta ya ninka fiye da sau uku, in ba kya layin kuma sai ki wuni babu. Kowace fita kuɗin adaidaita sahu ce. A Kazaure malamin ba ya biyan haya, geronsa da wakensa daga gona suke zuwa, tumatir da albasa daga fadamarsa, makaranta da kasuwa tafiyar ƙafa ce ko ɗan acaɓa. Albashinsa ƙarami ne amma yana da inda zai jingina. Shagon waya yana iya kawo a mako abin da malami ke samu a wata, yana kuma iya durƙushewa in dala ta tashi ko kaya suka kwanta, kuma ran da ya durƙushe mai gidan haya ba ya jira.

Ita kuma tana da nata burin. Ta gama NCE, tana ɗinki, hannunta yana da kyau. Nan Kano ta yi wa Kazaure fintinkau, ba sai an ja ba. Ga Kantin Kwari a kusa, ga mata masu ɗinka sabon kaya kowane biki su biya nan take. A gida masu kawo mata ɗinki rabinsu dangi ne, kuɗin sai "in an kwana biyu". Karatu ma haka: Kano akwai Jami'ar Bayero da wasu jami'o'in da kwalejoji barjat. Kazaure ba ta rasa ba, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, amma zaɓin bai kai na birni ba. Kirarin nan na Kano, ko da me ka zo an fi ka, yana da fuska biyu ga mai sana'a: kasuwa tana da faɗi, masu gasa kuma ba su ƙirguwa.

Inda na fi jin nauyin ba ta shawarar zaman gida shi ne lafiya. Kazaure akwai babban asibiti, kuma yana ɗaukar mafi yawan larurori. Amma in abu ya yi tsanani Kano ake turowa. Mahaifiyar yarinyar nan da kanta, a haihuwar autansu, cikin dare aka ɗauko ta a bayan mota, Yaya yana riƙe da ledar ƙarin ruwa a sama har suka iso. Allah ya yi da sauran kwana. A Kano Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Murtala, da na ƙashi na Dala duk suna cikin gari, ko da za ki sha layi. Na ce mata in Kazaure ta zaɓa, to ta ɗauki awon ciki da muhimmanci tun watannin farko, a ajiye kuɗin mota a gefe, a san direban da za a buga wa ƙofa da tsakar dare, a san wanda jininsa ya dace da nata. Miji mai hankali shi zai fara kawo wannan maganar. Ta gwada malamin da ita ta ji amsarsa.

Tsaro kuwa, Kano tana fama da ƙwacen waya da faɗan daba a wasu unguwanni, har mutum ya koyi ɓoye wayarsa in magariba ta yi. A gida har yanzu yara suna wasan dare a ƙofar gida. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ta Kazaure zai bi, in ya kammala nisan zai ragu.

Da muka zo haɗa lissafi, ga yadda na jera mata. Hali a gaba, sai wanda idonta ya karɓa, gari a ƙarshe, domin gari ana sauya shi: malami ana iya yi masa canjin wurin aiki, ɗan kasuwa yana iya komawa garinsu. Mafi munin haɗi shi ne mugun miji a babban birni, inda zai rufe ƙofa ya yi abin da ya ga dama, mahaifinki yana nesa, maƙwabta ba su san sunanki ba. Mugun miji a ƙaramin gari ma azaba ne, amma yana jin kunyar idon mutane, kuma gidanku yana bayan layi. Mutumin kirki a birni shi ya fi dacewa da mace mai sana'a da son karatu, wadda za ta iya zaman kaɗaici ta kuma toshe kunne daga gasar kwalliya. Mutumin kirki a ƙaramin gari ya fi dacewa da wadda ke son dangi kusa da kwanciyar hankali, ta kuma iya zama da mutane da yawa ba tare da kowace magana ta kwana a ranta ba. Ita ta san wacce ce ita a cikin biyun, fiye da ni.

Ban ɓoye mata ba, zuciyata ta fi karkata ga malamin, saboda na san gidansu, na san uwarsa tun ina yarinya. Amma na gaya mata wannan karkatar ba adalci ba ce tukuna, tunda ɗaya an san shi shekara talatin, ɗaya kuma hotonsa kaɗai na gani.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Gwaggo, in aka bincika aka tarar duk su biyun mutanen kirki ne fa?"

Na ce, "To ki ɗauki wanda ranki ya fi so, kada ki ji kunyar faɗa wa Baba, ni zan tsaya miki."

Washegari na raka ta tasha, na kira Yaya na roƙe shi ya ƙara mata mako uku. Maigidana ya karɓi sunan layin da shagon yake, ranar Asabar zai je kamar mai neman waya ta hannu, ya zauna wurin maƙwabtan ya sha shayi. Ni kuma Juma'a mai zuwa zan shiga Kurna in gaida mahaifiyar yaron.